Kafin ka sayi inji mai allon taɓawa, tambayi lasisin manhajarsa

Yau zan ɗan kauce daga maganar waya zuwa maganar injinan masana'antu, amma kada ka ce ba ta shafe ka ba. In dai kana riƙe da wayar Android ko iPhone, to rabin bayanin ka riga ka san shi. In kuma kai ko babanka ko ogan da kake wa aiki kuna shirin sayen injin ruwan gora, ko na gyaran shinkafa, ko na bulo, ko na ɗura kaya a leda, to ka daure ka karanta har ƙarshe.

Sana'ata gyaran waya ce, ina da ɗan teburina a Unguwar Sanusi a nan Kaduna. Sakandare na gama, ni ba injiniya ba ne. Abin da ya haɗa ni da wannan harka shi ne masu ƙananan masana'antu da suke kawo mini allon injinsu idan ya fashe ko ya daina amsa taɓawa, tunda a wurinsu duk mai gyaran sikirin ɗaya ne. Daga nan na shiga karanta takardun kamfanonin da ke yin allunan, har na gane wani abu da yawancin masu sayen inji ba sa tambaya. Kuɗinka yana saya maka ƙarfe da gilashi ne. Manhajar da ke tafiyar da su izinin amfani da ita kawai aka ba ka, kuma izinin yana da sharuɗɗa. Sai ranar da inji ya tsaya mutum yake sanin sharuɗɗan.

MENENE WANNAN ALLON?

Injiniyoyi suna kiransa HMI. Shi ne ɗan allon da ke manne a jikin inji, wanda ma'aikaci ke dannawa ya kunna, ya kashe, ya ƙara zafi, ya rage gudu, ya ga ƙararrawa idan wani abu ya samu matsala. Waɗanda suka fi zuwa hannuna masu inci 4.3 ne da inci 7 da inci 10, kuma yawanci da wuta mai ƙarfin 24V suke aiki.

Allon ba shi ne ƙwaƙwalwar injin ba. Ƙwaƙwalwar wani ɗan akwati ne a cikin fanel da ake kira PLC, shi ke ba wa mota da famfo da bawul umarni. Allon shi ne baki da idon da mutum ke magana da PLC ta cikinsa. Suna gaisawa ta waya, sau da yawa da wani yare da ake kira Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar tun 1979 kuma har gobe ana amfani da shi.

Tacin yawancinsu ba irin na wayarka ba ne. Na waya yatsa yake ji, nasu kuwa dannawa yake ji, shi ya sa ma'aikaci zai iya aiki da safar hannu. Shi ya sa kuma ƙurar hunturu idan ta taru a gefensa sai ya riƙa danna kansa. Irin wannan gyaran ba ya ba ni wahala: a buɗe, a share, in gilashin tacin ya mutu a auna a nemo irinsa a sa. Wahalar tana cikin abin da ba a gani.

FARA DA ABIN DA KA SANI

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai filashin ya ga wani ɗan abu kamar filasha a soke a jikin laftof ɗinsa. Dongul ke nan. Ba hoto ko waƙa a cikinsa, shi mabuɗi ne. Ka cire shi, manhajar ta ƙi buɗewa. Irin su UMT da Infinity CM2 haka suke, kuma bayan ka saya sai ka riƙa sabuntawa idan wa'adi ya cika. UnlockTool kuwa ba dongul, suna da kalmar sirri ake ba ka, ka sayi wata 3 ko 6 ko 12. Ranar da ya ƙare, ko kwastoma goma ne a tsaye a kanka, ba za ka yi aiki da shi ba sai ka biya.

Ka kuma san wayoyin biya kaɗan-kaɗan. Wayar tana aljihunka, kai ke cajinta, amma ka yi jinkirin biya ka ga ta kulle. Ka san kullen FRP da Google ya kawo a Android 5.1, da kullen iCloud da Apple ya kawo a iOS 7 a 2013: waya lafiyarta ƙalau, amma in babu asusun mai ita ta zama madubi.

To duk waɗannan akwai irinsu a injinan masana'antu. Bambancin kawai, idan waya ta kulle mutum ɗaya ne ya shiga damuwa. Idan inji ya kulle, duk wanda ke cin abinci a jikinsa ya shiga.

ABUBUWA UKU DA AKE RUƊAWA

Kafin mu shiga nau'o'in lasisi, ka riƙe abubuwa uku daban-daban.

Na ɗaya, manhajar zane. Ita ce injiniya ke sawa a laftof ɗinsa ya zana maɓallai da lambobi da shafukan da za ka gani a allo.

Na biyu, manhajar gudanarwa. Ita ce ke zaune a cikin allon, ko a kwamfutar ɗakin kula da injina, tana nuna zanen dare da rana.

Na uku, fayil ɗin aikin. Shi ne zanen da aka yi wa injinka kai kaɗai, da adireshin kowane maɓalli a cikin PLC.

Kowanne da ƙofarsa da mabuɗinsa. Za ka iya samun na ɗaya kyauta, na biyu ya zo tare da allon, amma na uku yana laftof ɗin wani mutum da ba ka da lambarsa ta biyu.

NAU'O'IN LASISIN DA ZA KA CI KARO DA SU

1. Kyauta tare da kaya. Kamfanin yana cin ribarsa a jikin allon, manhajar zane kuma ka sauke kyauta daga shafinsa. Weintek na Taiwan yana ba da EasyBuilder Pro a haka, Delta ma na Taiwan yana ba da DOPSoft, haka kamfanonin China da dama irin su Kinco da Samkoon. Ga ƙaramar masana'anta mai inji ɗaya ko biyu wannan ya fi sauƙi, don kowane injiniya zai iya sauke manhajar. Sharaɗin shi ne ba ta aiki sai da allon kamfanin. Kuma ka lura, wasu ƙarin abubuwa ba kyauta ba ne. Misali EasyAccess 2.0 na Weintek, wanda zai ba ka damar leƙa injinka ta waya kana gida, a allunan da ba su zo da shi a buɗe ba sai ka sayi izininsa daban.

2. Saye sau ɗaya, mabuɗi a hannunka. Ka biya, lasisin ya zama naka ba wa'adi, amma a ɗaure yake da wani abu. Siemens na Jamus, masu TIA Portal da WinCC, mabuɗinsu yana zuwa a filasha ko ta intanet, kuma da wata manhaja mai suna Automation License Manager ake matsar da shi daga filasha zuwa kwamfuta ko a dawo da shi. Rockwell na Amurka, masu FactoryTalk View, suna ɗaure nasu da lambar jikin kwamfuta ko da dongul. Hatsarin a nan mu masu gyara mun fi kowa saninsa: kwamfuta ta yi nauyi, a kai wa yaro ya yi mata fomat, mabuɗin ya tafi tare da komai. Kafin a taɓa irin wannan kwamfutar, a fara kwashe mabuɗin a mayar da shi filasharsa. Sannan "ba wa'adi" ba ya nufin sabon fitowa kyauta ne. Fayil ɗin da aka yi da sabuwar TIA Portal ba zai buɗe a tsohuwa ba, sai ka sayi ƙarin girma.

3. Lasisi mai yawo. Shi ma saye ne, amma mabuɗin yana zaune a babbar kwamfuta ɗaya, duk wanda ke buƙata ya ara ta netwok, idan ya gama ya saki wani ya ɗauka. Kamar caja ɗaya ce a shago mai mutum biyar. Yana da amfani a manyan wurare masu injiniyoyi da yawa waɗanda ba lokaci ɗaya suke aiki ba.

4. Biya gwargwadon girma. A nan ana ƙirga abin da ake kira tag. Kowane abu ɗaya da allon ke karantawa ko juyawa tag ne: zafin tukunya tag ɗaya, gudun mota tag ɗaya, cikar tanki tag ɗaya. Siemens suna sayar da manhajar gudanarwa ta kwamfuta mataki-mataki, 128, 512, 2048, har sama. Wasu kuma yawan shafuka suke ƙirgawa, ko yawan mutanen da za su kalla lokaci ɗaya. Kamar data ce: ka sayi ƙarami don sauƙi, ka ƙaro inji ɗaya, a ce maka ya cika sai ka haura mataki. Akwai waɗanda suka bi wata hanya dabam. Ignition na kamfanin Inductive Automation da ke California, wanda ya fito a 2010, babbar kwamfutar kawai ake saya wa lasisi, tag da masu kallo ba iyaka. Kuɗin farko da nauyi, amma ga wanda zai faɗaɗa yana iya zama sauƙi daga baya.

5. Haya. Biya duk shekara, kamar yadda muke yi da UnlockTool. AVEVA, masu manhajar InTouch da aka daɗe da sani da sunan Wonderware, suna da irin wannan tsarin da suke kira Flex. Amfaninsa ba ka fitar da kuɗi mai yawa tashi ɗaya, kuma kullum kana kan sabon fitowa. Tambayar da za ka yi kafin ka sa hannu ita ce: idan wa'adi ya cika ban biya ba, me zai tsaya? Zane ne kawai zai kulle, ko allon da ma'aikata ke aiki da shi ma zai mutu? A rubuta maka amsar.

6. Gwaji. TIA Portal yana ba da kwana 21. Ignition yana aiki awa 2 ya tsaya, ka danna ya sake ba ka wasu awa 2, sau nawa kake so. CODESYS manhajar zanensa kyauta ce, ta gudanarwa kuma in ka sa ta a Raspberry Pi ba lasisi, awa 2 take yi ta tsaya. Don koyo aka yi su. Wanda ya haɗa maka inji da lasisin gwaji ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ya bar maka agogo ne yana ƙirga.

7. Buɗaɗɗiyar manhaja. Akwai waɗanda kowa zai iya ɗauka ya yi amfani da su har ya gyara, irin su Node-RED da FUXA da Rapid SCADA. Babu dongul, babu wa'adi. Amma in ta rikice da ƙarfe biyun dare babu kamfanin da ya zama dole ya ɗauki wayarka. Ta dace da wanda ke da mutum na kansa da ya iya.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Wata rana da rani wani Alhaji mai ƙaramar masana'antar ruwan gora ya zo da allo mai inci 7 a naɗe da tawul. Wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona shi. Na buɗe na auna, ɓangaren wutar ya ƙone, kuma ƙunar ta kai har kan cif ɗin da ke riƙe da bayanai. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan sai dai sabo."

Bai yi gardama ba. Ya aika Legas aka kawo irinsa sak, kamfani ɗaya, lamba ɗaya. Aka ɗaura, aka ba shi wuta, ya kawo haske, amma ba maɓalli ko ɗaya. Fanko. Ya dawo wurina ransa a ɓace.

"Ɗana, ba kai ke filashin waya ba? Ka yi masa filashin mana."

"Alhaji, filashin waya akwai fayil ɗinta a intanet, don miliyoyin mutane ke riƙe da irinta. Wannan zanen injinka kaɗai aka yi wa. Yana wurin wanda ya haɗa maka."

"To ai na biya shi kuɗinsa tas."

"Ya ba ka wata filasha ko takarda ranar da ya gama?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Rasit ya ba ni."

Abin takaicin shi ne manhajar zanen wannan allon kyauta ce, a gabansa na sauke ta a laftof ɗina. Lasisi ba shi ne matsalar ba. Fayil ne babu, kuma PLC ɗin ma an sa masa kalmar sirri, don haka ko wani injiniya aka kawo ya zana sabo, sai ya yi ta lalube kafin ya gano adireshin kowane maɓalli. Wanda ya haɗa injin ya bar gari, yana aiki a wata jiha, kuma ya ce sai an biya kuɗin mota da masauki da na aiki.

Kwana tara injin yana tsaye, a tsakiyar zafi, lokacin da ruwa ya fi tafiya. Mutum goma sha ɗaya ke aiki a wurin, yawancinsu kullum ake sallamarsu. Ɗaya daga cikinsu ɗan layinmu ne, a kwanakin nan ya kawo mini wayarsa ya ce in nemo masa mai saye. Masu shagunan da Alhaji ke kai wa kaya kuwa ba su jira ba, wasu suka koma wurin wani.

A kwana na huɗu Alhaji ya turo mini wani shafi da aka nuna masa, wai akwai manhajar da ke fasa kalmar sirrin PLC. Ya ce in sauke, ko nawa ne zai biya. Na ce masa ba zan sa wannan a laftof ɗina ba, ba kuma zan jona ta da injinsa ba. Ya ji haushi, ya ce yaran yanzu ba ku da taimako. A ƙarshe ya biya mutumin ya zo, cikin awa ɗaya ya loda fayil, inji ya tashi. Amma wannan karon Alhaji bai sallame shi ba sai da ya kwafe masa fayil ɗin allo da na PLC a filasha biyu, ya rubuta kalmomin sirri a takarda ya sa hannu.

Kada a ɗauka ina zagin masu haɗa inji ne. Su ma suna da dalilinsu. Akwai masu kuɗin da idan inji ya tashi sai cikon kuɗin aiki ya zama labari. Akwai wanda zai karɓi fayil ya ba wani ya kwafa a inji goma ba tare da ko sisi ga mai wahalar ba. Shi ya sa ma wasu alluna ke zuwa da kullen biya kashi-kashi a cikinsu: a sa kwanan wata, idan ya cika allon ya nemi lamba, sai ka biya a ba ka. Daidai da wayar bashi. Wannan ba laifi ba ne idan an faɗa maka tun farko. Laifin a ɓoye maka ne, kai kuma gyaran shi ne ka tambaya tun kuɗi na hannunka.

MAGANAR KIRAK

Na san abin da wani ke cewa a ransa: "Haba malam, wa ke sayen lasisi a ƙasar nan? Ai akwai kirak." Bari in ba ka labarin da ba ni na ƙirƙira ba.

A watan Yuli na 2022, kamfanin Dragos na Amurka, masu binciken tsaron kwamfutocin masana'antu, suka bayyana cewa sun binciki wata manhaja da ake tallatawa a intanet da sunan tana fasa kalmar sirrin PLC da HMI. Ta fito da kalmar sirrin kuwa. Amma a ɓoye tana dasa wata ƙwayar cuta mai suna Sality a kwamfutar, ta mayar da ita baiwar wasu, suna haƙar kuɗin kirifto da ita. Har idan ka kwafi adireshin asusun kirifto za ka tura kuɗi, sai ta musanya shi da na ɓarayin. Wanda ya je neman mabuɗin ƙofarsa sai ga shi ya buɗe wa ɓarawo gidan gaba ɗaya.

Ka tuna kuma Stuxnet, cutar da aka gano a 2010, wadda ta lalata injinan tace makamashin nukiliya na Iran a Natanz. Ta manhajojin sarrafa injina ta bi, kuma filasha na cikin hanyoyin da take yaɗuwa. Ba wai ana farautar masana'antar ruwanka ba ne. Darasin shi ne cuta a kwamfutar inji ba hoto take gogewa ba, ƙarfe take juyawa, kuma akwai hannun mutum kusa da ƙarfen.

Ga kuma doka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shafi manhajojin kwamfuta, kuma ta hana karya kullen da mai abu ya sa wa abinsa. Ko ba doka ma, haƙƙin wani ne. Kuma ranar da kirak ya watsa maka aiki ba ka da bakin kiran kamfani.

In kuɗi ne matsalar, mafita ba kirak ba ce. Ka zaɓi allon da manhajarsa kyauta ce tun farko.

LISSAFIN DALA

Yawancin lasisin nan da dala ko yuro ake sa musu farashi. A watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A watan Yuni aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗauki misalin hayar dala 1,000 a shekara: wanda ya biya kusan naira 460,000, da wa'adi ya zagayo sai ya tarar da sama da miliyan ɗaya da rabi, alhali bai ƙara ko inji ɗaya ba. Mu ma masu dongul haka ta same mu, kuɗin sabuntawa ya ninka, kwastoma kuma yana so a yi masa filashin a tsohon farashi.

Don haka a ganina, ga mai sayar da kaya da naira, haya tana da hatsarin da Bature mai sayarwa ba ya lissafawa. In kana da hali, saye sau ɗaya ko kyauta tare da kaya ya fi kwanciyar hankali. Haya ta fi dacewa da aikin ɗan lokaci, ko kamfanin da ke samun dala.

TAMBAYOYI TAKWAS KAFIN KA BIYA CIKON KUƊI

1. Wane kamfani ne ya yi allon da PLC ɗin, menene lambarsu? Ɗauki hoton takardar da ke bayansu da wayarka.

2. Da wace manhaja aka yi zanen, fitowa ta nawa? Kyauta ce ko ta kuɗi?

3. In ta kuɗi ce, da sunan wa aka sayi lasisin? In na gudanarwa ne ya zama da sunanka ko na kamfaninka, takardar shaidar ta zauna a hannunka.

4. A ɗaure yake da me: filasha, dongul, ko jikin kwamfuta? In ya ɓace ko kwamfutar ta mutu, yaya ake dawo da shi?

5. Yana da wa'adi? In ya cika me zai tsaya?

6. Akwai kullen kwanan wata a ciki? In akwai, a rubuta cewa ranar da ka gama biya za a ba ka lambar da ke cire shi gaba ɗaya.

7. Za a ba ka fayil ɗin allo da na PLC, wanda ake iya buɗewa a gyara, tare da kalmomin sirri? In mai haɗawa ya ce wannan da kuɗinsa, ku yi ciniki. Gara ka biya yau da daɗin rai. In ya ƙi sam, aƙalla ya ba ka kwafin da za a iya lodawa a sabon allo irinsa.

8. An gwada fayil ɗin a gabanka? Filasha fanko ma filasha ce.

Idan ka karɓa, ajiye kwafi uku: ɗaya a ofis, ɗaya a gida, ɗaya a Google Drive ko imel ɗinka. In kuma injin na hannu ne za ka saya, ko daga waje ko daga masana'antar da ta rufe, waɗannan tambayoyin sun fi zama dole, don sau da yawa ƙarfen ne kawai ke tahowa, takardu da mabuɗai su tsaya a baya.

GA 'YAN'UWANA MASU GYARA

Garin nan da masana'antu aka san shi. Masaƙar KTL a Kakuri tun 1957 aka buɗe ta, Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975. Manyan masaƙun sun rufe, iyayen da yawa daga cikinmu a can suka yi aiki. Yanzu ƙananan wurare ne ke ɗaukar mutane goma-goma, ashirin-ashirin: ruwa, burodi, shinkafa, bulo, abincin kaji. Sababbin injinansu kusan duk da allo suke zuwa.

Ka je Panteka, kusa da Poli, ka nuna musu kowane ƙarfe, za su ƙera maka irinsa. Amma fayil ba a ƙera shi da walda. Wannan gurbin a buɗe yake, kuma mu da muka saba da mita da ƙarfen lanƙaya da laftof mun fi kowa kusa da shi. Ba sai ka sayi komai ba kafin ka fara. Sauke EasyBuilder Pro ko DOPSoft daga shafin kamfanin kai tsaye, dukansu suna da hanyar gwada zane a kan laftof ba tare da allo ba. Zana maɓallin kunnawa da na kashewa da fitila ɗaya, ka ga yadda suke aiki. Ignition ma yana da Maker Edition da suka fitar a 2020, kyauta ga mai koyo a gida, amma ba a yarda ka yi kasuwanci da shi ba.

Sharaɗi ɗaya: inji ba waya ba ne. Kada ka loda komai a injin da ke aiki sai mai shi ya sani, an kashe wuta inda ya kamata, kuma ka ajiye kwafin abin da ke ciki. In aikin ya fi ƙarfinka, ka faɗa, a kira wanda ya karanta abin. Idan kuma Allah Ya sa wata rana kai ne mai haɗawa, ka faɗa wa mai inji gaskiya tun farko: ga abin da kuɗinka ya saya, ga abin da bai saya ba.

Kai kuma mai karatu, in akwai injin da ke da allo a wurin aikinku, gobe da safe ka zagaya bayansa ka ɗauki hoton lambarsa, sannan ka tambayi oga inda fayil ɗinsa yake. In ya nuna maka, alhamdu lillahi. In ya yi shiru, ku nemi wanda ya haɗa tun injin yana da lafiya, lokacin da ciniki ke da sauƙi.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu da asara.